Anselmo Dzul da Tokar Gonarsa

A ƙauyen nan babu wanda bai san Anselmo Dzul ba, ba don aiki ba, don cika baki. Shekarar da mahaifinsa ya rasu ya sare dajin da ya gada, ya bar itatuwan suka bushe, ya cinna musu wuta kamar yadda kowa ke yi. Ruwan farko ya narkar da lallausar tokar, ƙasa ta sha, masara ta tashi har tana ɓoye mutum. Shi ke nan kan Anselmo ya kumbura. Duk inda maza suka zauna shan kunun masara sai ya baje tafinsa ya ce, "Hannu ne, 'yan'uwa, ba toka ba."

Da maƙwabta suka bar gonakinsu su huta suka matsa gaba, shi ya ƙi. Saran sabon daji wahala ne, ragar lilonsa kuwa akwai daɗin kwanciya. Damina na bin damina, ƙarfin tokar na ƙarewa, har zangarniya ta koma kamar ɗan yatsa.

Matarsa Fermina ta ɗaga guda ta ce, "Maigida Anselmo mai hannun albarka, wannan ce masarar? Ko kaza sai ta sa tabarau."

Abin ya ƙona masa rai. Ya bi gida gida yana kwashe tokar murhu, ya jibga ta tuli tuli a gindin 'yan tsirai, yana jiran ya wayi gari da abin mamaki. Toka kuwa in ta yi yawa cin saiwa take yi. Shukar ta yi ɗorawa ta kwanta. Ya ce bakin mutane ne, ya ɗaure kayansa sai birnin Cancún, aikin ɗaukar bulo.

Tokar ba ta bi shi ba. Kowace damina kaɗan na narkewa yana sauka ƙasa, gawayin na riƙe danshi, ganye na ruɓewa a kai. Kafin ya dawo da furfura da ciwon baya, wurin ya zama kurmi, ko adda sai ta yi da gaske.

Ya tsaya bakin dajin, ya riƙe ƙugu. "Kun gani? Dama haka na tsara."

Fermina ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ka tsara mana. Ga adda can."

Ya dafa bayansa ya yi nishi. Ƙaninta Hilario ne ya sare wurin da ranin waccan shekarar, masararsa suke ci har yanzu.