Madubin Makka da Idona na Hagu

A gidanmu na unguwar Kusfa, da an idar da sallar magariba an sauke tuwo, sai mu jikoki mu kewaye Iya, kakarmu ta wajen uba, a bakin murhu. Ba ta fara tatsuniya sai ta tabbatar babu mai tauna a cikinmu. Shekarata bakwai a lokacin. Na fi kowa surutu, na kuma fi kowa tsoron a yi mini dariya.

A shekarar ce Baffa Sani ya dawo daga aikin Hajji da tsarabar da ta hana mu sakat. Wani jan abin leƙe ne na roba mai kafar ido biyu. Ana zura masa faifan kwali mai ƙananan hotuna, a ɗaga shi wajen haske a danna. Mu dai madubin Makka muke ce masa. Duk wanda ya leƙa sai ya rafka salati, ya ce ga Ka'aba nan tsaye a gabansa, ga hasumiya can baya da nisa. Ni kuwa hoto kawai nake gani, a shafe kamar na kalandar zauren Baba. In na daɗe ina leƙe, kaina ya ɗauki ciwo, idona ya yi ta hawaye. Amma wa zai yarda a ce shi kaɗai ne bai gani ba? Salatina ya fi na kowa ƙarfi.

Wata rana Iya ta sa aka ajiye mata madubin a cinya, ta ce, "Ga wata nan tafe, ku gyara kunne."

Wai an yi wata yarinya da idonta ɗaya ke dushewa, ba ta gaya wa kowa ba. In ƙawayenta suka ce ga tsuntsu a kan rimi, sai ta ce har launin bakinsa ta gani. Ran nan wani mai maganin ido ya ratso garin, yana bi ƙofa ƙofa yana tambaya ko akwai mai ciwo. Uwar yarinyar ta ce, "Wuce gaba, Malam, 'yata ta fi kowa gani." Yarinyar tana bayan ƙyaure tana ji, kunya ta hana ta fitowa. Mai magani ya wuce, bai sake biyo hanyar ba.

Muka kasa kunne muna jiran aljani ko kura su shigo labarin. Iya ta ce, "Nan ta tsaya." Har mun fara gunaguni, sai ta miƙo mini madubin.

"Binta, ɗaga shi wajen fitila. Wanne ya fi kusa da ke, hasumiya ko mutumin nan mai lema?"

Na ce hasumiya. Yayyena suka fashe da dariya, Iya ta daka musu tsawa. Ta jawo ni, ta sa tafin hannunta ta rufe mini idon dama.

"Yatsu nawa na ɗaga?"

Inna lillahi! Ban ga yatsu ba, ban ga fuskar Iya ba. Wutar murhu ta zama wani jan hazo marar baki. Ashe duk rayuwata da ido ɗaya nake yawo, ban taɓa sani ba. Na ƙwalla ƙara, Inna ta saki ludayi cikin miya, Baba ya shigo daga zaure ko takalmi babu. Aka ɗauke ni aka kai ni ɗaki.

Washegari likitan ido ya ce idon bai mutu ba, ƙwaƙwalwa ce ta daina aiki da shi, kuma da an ƙara 'yan shekaru da gyaran ya yi wuya. Ya ba ni tabarau, ya sa a riƙa manne mini lafiyayyen idon don malalacin idon ya tashi. Na sha tsokana a lungu da makarantar allo, na yi kuka, na ji haushin Iya ƙwarai. Bayan wata goma sha wani abu na sake leƙa madubin, sai ga Ka'aba ta taso. A ranar ne na yi salatin gaskiya.

Na girma ina ɗauka darasin tatsuniyar bai wuce a daina ƙarya ba. Sai da na yi aure na haihu, Iya ta tsufa tukuf, na tambaye ta yadda aka yi ta gane ni.

Ta ce, "Duk wanda ya leƙa sai ya miƙa hannu zai taɓa. Ke kaɗai ce ba ki miƙa ba. Ni ma da na leƙa ban miƙa ba."

Sai a lokacin na gane. 'Ya'ya bakwai ta haifa ta raina, kakanmu ya rasu bai sani ba, Baba ma bai sani ba. Ita ce yarinyar bayan ƙyaure. Ta tona sirrin da ta riƙe tun ƙuruciya a gabanmu duka, mu kuwa muna ta gunagunin babu kura a ciki. Sai ta kamo hannuna.

"Ban taɓa samun wanda zan tambaya ba, Binta. Ke da kika gani, faɗa mini, yaya Ka'aba take a ciki?"