Lungun Goggo Hidaya

Mujeeb ɗan unguwar Maamobi ne. A gidan marigayi Alhaji Shamsudeen aka haife shi, gidan nan na bayan babbar kwata, wanda in aka ce mutanensa su fito waje sai an ari titin maƙwabta. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, ƙanwar ubansa Goggo Hidaya ta ɗauke shi. Ita ma a lokacin aurenta ya mutu, ta dawo gidan ubanta ta tarar babu ɗaki. Sai aka toshe mata wani lungu tsakanin ɗakuna biyu da katako, aka ɗora kwano a kai. A nan Mujeeb ya girma. Ɗaki ne da in ka yi atishawa sai ka bugi bango biyu.

Makaranta ba ta so shi ba, shi ma bai matsa mata ba. Aka kai shi Abossey Okai wajen masu kayan mota, ya yi shekaru yana dakon ƙarfe, har ranar da wani inji ya zame ya sauka a ƙafarsa. Tun daga nan yake tafiya kamar mai auna zurfin rami. Da abin da maigidansa ya sallame shi ya buɗe kwantena a bakin titi, ya sa talabijin da benci da na'urar wasa. A nan yake sana'a, a nan yake kwana.

Wasan da samarin unguwa suka mace a kai shi ne wanda ake zuba mutanen duniya a tsibiri ɗaya, su yi ta harbin juna har a bar mutum guda. Mujeeb bai taɓa zama gudan nan ba. Yana sauka ake kashe shi, wani lokacin ma tun yana sama. Sai ya gano wani ɓangare na wasan inda ba a harbi. A ba ka tsibiri fayau, da bango da ƙofa da rufi iya son ranka, ka gina abin da ka ga dama, ka gayyaci wanda kake so ya shigo ya zaga. Wasu na gina fada, wasu filin tsere. Mujeeb ya gina gidansu. Ya sa famfo inda yake, ya sa igiyar shanya, har ƙofar banɗakin nan da ba ta rufuwa bai manta ba.

Abu ɗaya ya gagare shi. Bangon wasan ba ya zuwa da rabi, kowane ɗaki sai ya ci cikakken gurbi, lungun Goggo kuwa bai kai rabin gurbi ba. Ya cusa shi, ɗakunan gefe suka karkace. Ya ce bari ya bar wurin a buɗe zuwa wani lokaci. Sai ga hanya mai faɗi ta ratsa tsakiyar gida, gidan ya yi kyan da bai taɓa yi ba. Ya bar shi haka.

Wata rana gobara ta tashi a gidan na gaske da hantsi, daga wayar wuta. Motar kashe gobara ta zo ta tsaya a titi, don lungunan wajen ko akuya mai ciki sai ta karkata. Ba a rasa rai ba, amma an rasa duk abin da ba rai ba. Goggo Hidaya ta koma ciki ɗauko tukwanen kokon da take sayarwa, ta shaƙi hayaƙi, aka kwantar da ita a asibiti.

Gidan ba a taɓa raba shi gado ba. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kowa da ɗakin da yake ciki. Usaini, jikan gidan da ke zaune a Jamus, ya ce zai sake ginin, amma sai ya ga fasalin gidan, don a mayar wa kowa nasa yadda yake. Baba Garuba, babba a gidan, ya tara maza a kan toka. Nan da nan kowa ya tuna cewa ɗakinsa ya fi masallaci faɗi. Ana dab da cin kwalar juna wani ya ce ai gurgun nan yana da gidan a cikin talabijin.

Bayan la'asar dattawa suka cika kwantenar Mujeeb da manyan riguna. Usaini ya shigo tsibirin daga Jamus a siffar ƙato mai kan zomo, muryarsa na fitowa ta talabijin. Mujeeb na gaba, zomo na binsa ɗaki ɗaki, Baba Garuba na nuni da carbi yana faɗin mai kowane ɗaki. Babu wanda ya yi musu.

Da suka iso tsakiya zomo ya tsaya.

"Cale, ɗan'uwa, wannan hanyar fa?" in ji Usaini. "Haka take da faɗi? Ni na manta."

Babu wanda bai san me ke wurin ba. Rabinsu a ƙofar lungun suka sha koko bashi shekara da shekaru. Masu ɗakunan gefe biyu suka duƙufa kallon takalmansu.

"Ga shi kana gani," in ji Baba Garuba. Ya juyo ya dafa kafaɗar Mujeeb. "Ashe injiniya gare mu a gida muna ce masa gurgu. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Bakin Mujeeb a buɗe yake, sunan Goggo na kan harshensa. Amma tun da aka haife shi tsohon nan bai taɓa kiransa ba sai da zagi a gaba. Ya ce a ransa bari albarkar ta ɗan zauna, sai ya yi magana. Kafin ta zauna aka ɗaga hannuwa. A gidan Alhaji Shamsudeen, abin da aka shafa wa fatiha ba a sake buɗe shi. Mujeeb ya shafa tare da kowa.

Washegari ya cusa ɗakin a wasan, gidan ya karkace, bai damu ba. Ya ɗauki hoton a waya ya tarar da Baba Garuba a ƙofar masallaci.

"Baba, ga ɗakin Goggo."

"Na gani."

"To a gaya wa mai gini."

"Jiya bakinka ciwo yake? So kake in tara maza in ce kowa ya dawo da fatiharsa?"

"Baba, a ina za ta kwana?"

"Ka tambayi wanda ya zana gidan."

Ya kira Usaini. Usaini ya ce shi yana nesa, abin da manya suka yanke ba zai sa baki ba.

Goggo ta fito asibiti da tarin da bai sake barinta ba. Ta ari tukunya ta kafa kokonta a gefen ginin, tana kwana a barandar wata ƙawarta a Kotobabi. A gabanta aka ja igiyar awo, a gabanta bulo ya tashi dama da hagu, aka bar tsakiya fili. Ba ta tambayi kowa ba. Da aka ɗora rufi ta ce za ta koma Ashaiman, wajen 'yar tsohon mijinta.

Mujeeb ne ya ɗaukar mata kaya zuwa tasha, ƙullin zannuwa da bokiti.

"Goggo, ki zauna a kwantena. Ni zan nemi wani wuri."

"In kwana cikin harbe-harbenku? Da wannan ƙafar ina za ka nema?" Ta yi tari mai tsawo, ta goge baki da gefen mayafi. "An ce kai ka zana gidan."

"Ni ne."

"An ce Yaya Garuba har albarka ya sa maka."

Mujeeb ya cusa ƙullin zannuwan a mota.

"To Allah ya sa ta bi ka," in ji ta. Ta karɓi bokitin ta ɗora a cinya, aka ja ƙofar mota.

Ba ta sake kwana a Maamobi ba. Hanyar tsakiyar gidan an shafe ta da siminti, ɗan Baba Garuba yana ajiye babur ɗinsa a wurin.