Allon Mai Dara

Yayana, wanda abokan aiki ke kira Mai Dara, ya daɗe a masana'antar ƙera ƙafar roba. Idan aka kawo wanda aka yanke wa ƙafa, kyamarori ne ke kewaye dungulmin su auna tsawo da faɗi da kauri, sannan a ƙera masa ƙafar da za ta zauna daidai. Saita kyamarorin shi ne aikin Yaya. Kullum da safe sai ya ɗauko wani allo mai gidaje baƙi da fari kamar na dara, ya yi ta juya shi a gabansu. Kwamfuta ta san girman kowane gida, da shi take gane girman komai. A gida muna tsokanarsa cewa ya fi lallaɓa allon nan a kan 'ya'yansa.

Sai aka kawo sabon manaja, sarkin son ƙyale-ƙyale. Za a yi baƙi, Yaya yana hutu, mutumin nan ya ce tsohon allo abin kunya ne, a bugo sabo. Mai bugawa kuma ya ɗan ƙara masa girma don ya cika takarda, ƙarin da ido ba ya kamawa.

Da Yaya ya dawo ya nemi allonsa, manaja ya ce, "Irinsa ne sak, Malam. Mutane na jira, kar ka ɓata mana lokaci."

Duk ƙafar da aka ƙera bayan nan sai ta matse mai ita. Wani tsohon direba ya dawo da gyambo, yana dogara sandar da ya yi murnar yarwa. Yaya ya ɗora ma'auni kan sabon allon ya gano matsalar: gidajen sun fi girman da kwamfuta ta sani, shi ya sa take rage awon kowa, amma shi aka sallama, wai ai shi ne mai saiti.

Abin da ke ƙona mini rai, ko musu bai yi ba. "Ƙanwata, ya kamata in auna tun ranar farko," in ji shi. Wallahi ni har gobe ban yarda ba. Wa ya sa a bugo? Wa ya ce a yi sauri?

Ni na je kwaso kayansa, don ya kasa taka wurin. Manaja ya tarbe ni yana washe baki, har ya sa aka kawo mini shayi. Tiren da aka ɗoro kofin a kai tsohon allon Yaya ne, duk gindin kofuna ya ɓata gidajen.

Da na koma gida, Yaya bai ko buɗe jakar kayan ba, ya tambaye ni ko na ga allonsa. Na ce ban gani ba.