Baba Mbikoyo da Akushin da Ya Tsage

Kafin raɓa ta bushe a kan ganyen rogo za ka ji gizagon Baba Mbikoyo yana ƙwas-ƙwas a gindin mangwaron bayan gidansa, nan Gangura. Ɗanyen itace yake sassaƙawa. Ya rarake cikin da 'yar wuƙarsa mai lanƙwasa, ya goge da ganyen ɓaure mai kaushi, ya binne a taɓon fadama har ya yi baƙi ƙirin, sannan ya ajiye a inuwa ya bushe a hankali, ya shafe shi da manja. Murfin akushinsa in ya zauna, ko tururuwa ba ta samun hanya. Rabin garin nan a akushinsa muka koyi cin tuwon rogo da miyar ganye mai gyaɗa. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan. Bana hannu ya fara rawa, ya ce ya ajiye gizago, shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni da ba na yabon mutum da arha.

Kamar kowane masassaƙin kirki a wurinmu, in zai sari itace sai ya kame: ba ya cin kifi, ba ya shiga ɗakin matarsa, har ya gama aikin. Sauran masassaƙa in nasu ya tsage sai su ce hannun maye ne. Nasa kuwa a da bai taɓa tsagewa ba, kuma da wannan yake taƙama, don Baba ba ya raina kansa.

Shekara goma sha tara da suka wuce zan aurar da 'yata Anyesi, na sa shi ya yi mini babban akushi wanda za a kai wa surukai tuwo a ciki. Ana saura kwana uku biki, maƙwabciyata Nabeyo, tsohuwar da ta binne miji da 'ya'ya biyu, ta leƙo ta shafa shi ta ce, "Kai, wannan ai sai gidan sarki!" Washegari akushi ya tsage daga baki har gindi.

Ba zan ɓoye ba, ni na fara maganar maita, kuma da ƙarfi na fara ta. Kafin rana ta take mutane sun cika tsakar gidana, ƙanena ya kama kaza za a je wurin mai duba. Kowa ya san abin da zai biyo baya: in kazar ta mutu a wurin duba da sunan tsohuwa, a kawo mata fiffikenta, ta guntsi ruwa ta fesa masa a gaban jama'a, ta ce maitarta ta huce. Da ma ana ƙus-ƙus a kan mutuwar 'ya'yanta. In ta fesa ruwan nan, ba mai ƙara sa hannu a abinci ɗaya da ita.

Baba ya iso, ya juya akushin, ya bi tsagar da babban yatsa. Ya dubi Nabeyo tana tsugune jikin rumbu, zane rufe da baki.

"Uwar Anyesi," ya ce mini, "ki ce wa ƙanenki ya saki kazar nan."

"Baba, ai ido ya gani! Jiya ta shafa, yau ya tsage."

"Ni ma na shafa, ke ma kin shafa. Mayu uku ke nan." Ya yi gyaran murya, ya sunkuyar da kai. "Laifina ne. Ban kame ba."

Ƙanena ya ce, "Kifi ka ci, Baba?"

"Ba kifi ba ne."

Gida ya kaure da dariya, mata har da tafi. Wani sa'ansa ya ce, "Haba Mbikoyo, da furfurarka! Kwana huɗu kacal ka kasa?"

Baba ya ce, "Kai da ka iya, daga ina 'ya'yanka goma sha ɗaya suka faɗo?"

Aka saki kaza. Baba ya aiko mini da akushin gidansa, da shi aka kai wa surukai tuwo, biki ya yi kyau.

Amma taƙamar nan ta tafi a yini ɗaya. Wasu suka mai da aikinsu wurin masassaƙan garin Yambio. Har yau in an zo karɓar akushi sai an ce, "Baba, an dai kame ko?" ya yi dariya ya miƙa. Nabeyo kuwa ta ƙara shekara tara a cikinmu da mutuncinta. Ita ta yi wa ɗan farin Anyesi wankan farko.

Makon jiya na je gaishe shi, na tarar da matarsa Mama Nagomoro tana ɓare gyaɗa. Na tsokane ta da tsohon zancen. Ta harare ni.

"Wane ɗaki? A makon bikin nan ko inuwata bai taka ba. Na ga inda ya dosa ne na ja bakina. Shekara goma sha tara kuna yi mini shaƙiyanci a rafi, na haɗiye."

Na juya gare shi. "To Baba, me ya tsaga shi?"

"Oho. Itace ne, yakan tsage," ya ce. "Ni an yi mini dariya, na ci tuwona na ƙoshi. Ita fa, da wa za ta ci?"

Kai ne, Baba Mbikoyo, mai gizagon da ba ya kuskure, ka ɗora wa kanka kuskuren da ba ka yi ba. Kai ne ka ba da sunanka aka yi wasa da shi don tsohuwar da ba ta haɗa komai da kai ba. Ke ma Mama, jinjinar nan da rabonki a ciki. Na yi kunya, na kuma yi farin ciki da Allah ya bar ku har na ji gaskiyar da kunnena.

Masu tasowa, ku je ku koyi sassaƙa tun yana iya nuna muku. Masu suna a garin nan kuwa, ranar da aka taru a kan wanda ba shi da kowa, ku san sunan naku yana da amfanin da ya wuce taƙama.

Na gode, Baba. Ka ceci Nabeyo daga bakina, ni ma ka cece ni daga shi.