Kan Bijimi a Ƙarƙashin Buhu

A layin mahauta akwai wani dogon mutum wanda da gani hannunsa bai saba da wuƙa ba. Yana yankan naman wani bijimi a hankali, kafaɗarsa a karkace irin ta mai saɓa sanda. Ina jin shi ya kiwata bijimin, don duk wanda ya taya nama sai ya ji abin da dabbar ta ci: dusa, harawa, kanwa. Ba ya ragi, kuma ana saye.

Kan bijimin yana ƙarƙashin tebur, rufe da buhu. Sai ga wata dattijuwa ta ɗaga buhun.

"Malam, wannan nawa?"

Ya kawar da fuska, ya yafito mahaucin kusa da shi.

"Ɗan'uwa, zo ka yi mata ciniki. Ni bijimin nan ya san muryata."