Ramin Bakin Ruwa

Ranar nan na raka maigidana gareji a Madinar Masana'antu, unguwar masana'antu ta nan Jidda, sai wani makanike ya tuntsurar da baƙin man mota a kan yashin bakin ƙofa, rana ta dake shi. Mutane suna ta toshe hanci, ni kuwa tsayawa na yi ina shaƙa, har maigidan ya tambaye ni ko lafiya. Na ce masa lafiya lau. Warin Kakana ne na ji, kamar yanzu zai shigo yana cire takalmi yana neman ruwan sanyi.

Kai da ka saba ganin wasan golf a talabijin a kan ciyawa kore shar, za ka yi mamakin abin da ya haɗa shi da baƙin mai. A Jiddan da Kaka ya tarar, lokacin da ya tsallako daga Sudan aikin hajji ya zauna, babu wata ciyawa. Turawan kamfanoni sun share wani fili a bayan gari, duk duwatsu da ƙaya, a nan suke wasansu. Kowa yana yawo da guntun ciyawar roba a hannu, in ya iso wurin ƙwallonsa ya shimfiɗa, ya ɗora, ya buga. Kewayen ramin da ake zura ƙwallon kuwa yashi ne mai laushi, ana kwaɓa shi da baƙin mai don kada iska ta kwashe, a baje a daddaɓe. Aikin Kaka ke nan shekara da shekaru: kwaɓa yashi, jan manjagara, da sauya wa rami wuri kowace safiya. Habboba, wato kakata mace, ta ce babu sabulun da ba ta sayo a kasuwar Sharafiyya ba, amma warin nan ya ƙi barin jikin mutumin.

Ko da na yi wayo an riga an rufe wancan filin, Kaka ya ajiye aiki, amma hannunsa bai ajiye ba. Akwai wani kango a bayan gidanmu a unguwar Bani Malik. Idan watannin sanyi suka kama, irin sanyin Jidda da bai wuce a kashe fanka ba, sai ya tara mu jikoki ranar Juma'a bayan la'asar. Ya binne gwangwanin tumatir a ƙasa, ya kafa tsinke da ƙyalle, ya fito da wata tsohuwar sandar golf da wani Bature ya bar masa. Amma ba wanda zai buga sai Kaka ya yi abin da ya saba. Zai je ta saman ramin, inda ƙasa ta ɗan yi tudu, ya tsuguna, ya saki ƙwallon daga hannunsa ba tare da ya tura ba. Idan ƙwallon ya gangaro ya tsaya kusa da gwangwanin, shi ke nan, a fara wasa. Idan ya wuce ya yi ta tafiya, sai ya tone gwangwanin ya sake masa wuri, mu kuwa muna ta ƙunƙuni rana za ta faɗi.

Wata rana na gaji na ce masa, "Kaka, ai kai ma ɓata lokaci kake yi. A bar shi a nan mana."

Ya ce, "Amarya, kina da gaggawa, shi ya sa har yanzu ban biya sadakinki ba. Wuya daban, mugunta daban. Wanda ya buga daidai ya samu, wanda ya kuskure ya sha wuya. In duk su biyun ƙarshensu ɗaya, ba wasa kika shirya ba."

Kada ka ɗauka ramukansa masu sauƙi ne. Mun sha kuka a kangon nan. Yakan ɓoye gwangwanin a bayan dutse, ko gab da wata tsohuwar taya, amma kullum akwai hanya ga wanda ya natsu ya duba.

Sai dai akwai mutum ɗaya da bai taɓa taka kangon nan ba in Kaka yana ciki, shi ne Abbana. Abba ɗan fari ne, kuma Kaka mutumin da ne na gaske. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama da shi a kan tabarma ɗaya ba, bai taɓa yaba masa a kan idonsa ba. Kunyar ɗan fari ce ya ɗauko tun daga gida, ya tsallako teku da ita, ya riƙe ta gam a garin da maƙwabtanmu Larabawa suke kiran uba da sunan ɗansa na fari. In yana da magana, ni yake juyowa, alhali Abba yana zaune a gefe yana shan shayi. "Ki gaya wa wancan iƙamar uwarsa ta kusa ƙarewa." Takardar izinin zama ke nan. Ni kuma in juya in maimaita, Abba ya ce, "Ki ce masa na ji." Da ina ƙarama dariya abin yake ba ni, har nakan ƙara gishiri a saƙon.

Cikin 'ya'yan Kaka duka, Abba ne kaɗai ya bi sana'arsa. Da aka buɗe babban filin ciyawa a arewa da gari, a bakin teku, ya sami kafili, wato ɗan ƙasa da ya tsaya masa, ya shiga. Da jan tiyon ruwa ya fara. Ya koyi yankan ciyawa, ya koyi gane ƙishirwarta tun kafin ta sauya launi, har ya zama shi ke yanka ramuka da wani ƙarfe mai kama da turmi. Yakan dawo gida da ƙanshin ɗanyar ciyawa a rigarsa, ya zauna inda Kaka zai ji, ya yi ta ba mu labarin aikin da murya sama-sama. Ba mu yake ba labarin ba, kowa ya sani. Abu ɗaya Abba yake nema a duniyar nan, Kaka ya dubi aikinsa ya ce masa ya yi kyau. Kaka kuwa sai ya yi ta jan carbi yana kallon bango, amma na lura ba ya tashi sai an gama.

Ina shekarar ƙarshe a sakandare aka kawo babbar gasar ƙwararru filin, irin wadda 'yan wasa ke zuwa daga ko'ina a duniya. Gidanmu ya koma majalisa, ni ce masinja. Abba ya ce an rage wa ciyawar kewayen ramuka ruwa, an aske ta ƙasa-ƙasa, an bi ta da abin daddaɓa har ta yi santsi kamar faranti.

"Tambayi wancan, ƙwallo zai tsaya a kan faranti?"

"Ki ce masa waɗannan ba Turawan kamfani ba ne masu tumbi. In ba a matsa musu ba, wasa za su yi da filin, ba za a gane gwani ba."

Kowannensu yana da gaskiyarsa, kuma na ga alamar gardamar tana yi musu daɗi, don ita ce hira mafi tsawo da suka taɓa yi. Daga ƙarshe Abba ya roƙi mudirinsu, wato shugabansu a wurin aiki, ya samo mana izinin shiga ranar rufe gasa. Habboba ce ta yi ta lallashi har Kaka ya yarda zai je. Abba da kansa ya kai farar jallabiyar Kaka wurin guga.

Mun isa da hantsi, ni da Kaka, Abba kuwa tun asuba yana bakin aiki. Ban manta yadda tsohon nan ya tsaya cak da ya hango filin. Ya daɗe yana kallo. Sai ya matsa gefen igiyar da aka tare 'yan kallo da ita, ya cire takalminsa, ya taka ciyawar da ƙafa tsirara, ya sunkuya ya shafa ta kamar mai shafa kan jariri. Ya ce mini a hankali, "Amarya, wanda ya raini wannan a cikin gishirin nan, hannunsa yana da albarka." Na ji daɗi har cikin raina, na ƙosa in ga Abba.

Bayan azahar iskar teku ta taso, kamar yadda ta saba a lokacin. Muka sami wuri kusa da wani rami da ke gab da ruwa, a kan 'yar gangara. Ɗan wasa zai bugo ƙwallo ya sauka kusa da tuta, ya yi kamar ya tsaya, sai ka ga ya fara motsi a hankali, ya gangara ya faɗa ruwa. Wanda ya bugo da kyau da wanda ya bugo a karkace, duk a ruwan suke haɗuwa. Da wani matashi ya iso, wanda aka ce shi ke kan gaba tun farkon gasar, ya yi bugun da har Kaka ya gyaɗa kai. Ƙwallon ya zauna dab da ramin, matashin yana tahowa yana murmushi, sai iska ta taɓa ƙwallon. A gabansa ya gangara. Jama'a suka ɗauki gunaguni, wasu na dariya, matashin ya tsaya riƙe da ƙugu yana kallon ruwan. A nan gasar ta kuɓuce masa. Kaka ya juya wa filin baya, ya ce in nemo masa inuwa.

Da aka tashi, Abba ya same mu a bayan rumfar ma'aikata, rigarsa jiƙe da gumi, fuskarsa cike da fara'a. Ya tsuguna ya gaida Kaka, ya juyo gare ni yana jiran saƙo kamar kullum. Sai Kaka ya dube shi ido cikin ido. Tun da nake ban taɓa ganin haka ba.

"Kai ka yanka ramin can na bakin ruwa?"

"Ni ne, Baba."

"Ka saki ƙwallo ka gani?"

Abba ya sunkuyar da kai. "Baba, ba ni ke zaɓar wuri ba. Masu gasar ne suke ɗiga fenti, ni kuma in yanka a inda suka ɗiga. Kuma wallahi da safe babu iska."

Kaka ya ce, "Halas, shi ke nan. Yalla, mu tafi."

Maganar farko ke nan da na ji ya yi wa ɗansa kai tsaye, ba ta bakin kowa ba, kuma ita ce wannan. Da muka isa gida na bi Abba inda yake wanke hannu, na faɗa masa komai: takalmin da Kaka ya cire, yadda ya shafa ciyawar, da abin da ya ce kan albarkar hannu. Ban rage ba, ban ƙara gishiri ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ruwa na zuba a hannunsa. Ya ce, "Na gode, uwata. Amma ke ya gaya wa."

Kaka bai kai sanyin shekarar da ta biyo baya ba. Ciwon 'yan kwanaki ya yi, Abba ne ya yi ta jinyarsa, yana ɗaga shi yana kwantar da shi, kuma ko a nan ta bakin Habboba Kaka yake neman ruwa.

Tun daga lokacin nake bin labarin manyan gasanni, kuma kusan kowace shekara sai an yi wannan gardamar a wani fili. Wasu su ce an wuce gona da iri, wasu su ce ai haka babbar gasa ta gada, wanda ba zai iya ba ya zauna a gida. Ni dai a kan ramin bakin ruwa ina bayan Kaka, ramin nan bai yi adalci ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, mutumin da zai tone gwangwani sau da yawa don kada ya zalunci jika, bai taɓa tsugunawa ya duba ko abin da ɗansa ke nema a wurinsa yana da hanyar samuwa ba. Na san yana ƙaunarsa, na gani da idona a kan ciyawar nan. Haka aka raine shi, yabo ya bi ta bayan gida, faɗa kuwa ya shigo ta ƙofa. Ina kewarsa, kuma har yau ina jin haushinsa kaɗan.

Yanzu kangon bayan gidanmu ya zama bene mai shaguna a ƙasa. Abba ya bar aiki saboda ciwon gwiwa. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma duk da ya fi kirana uwata, in ya ga dama sunana yake kira gatsal a gaban kowa, tsofaffin unguwa suna cewa zaman Jidda ya cire masa kunya, shi kuwa ko a jikinsa. Da na haifi ɗana na fari aka sa masa sunan Kaka, don haka Abba ba ya kiransa sai Baba. Yaron yana jin Hausa, amma Larabci ya fi zuwar masa a baki. Ranar Juma'a in mun kai ziyara, Abba yakan kwantar da kofin shayi a kan kafet, ya ɗauko tsohuwar sandar nan. Kafin a fara sai ya dafa bango ya tsuguna da ƙyar, ya saki ƙwallon daga hannunsa, alhali falon a miƙe yake, babu inda zai gangara. Ko yaron ya buga ƙwallon ya shige ƙarƙashin kujera, Abba zai ce masa, "Ya yi kyau."

Juma'ar da ta wuce yaron ya miƙa masa sandar ya ce shi ma ya buga. Abba ya gyara tsayuwa ya taɓa ƙwallon, ya tafi a hankali ya shige kofin. Yaron ya tafa, ya faɗi 'yar Hausar da ya koya a bakin kakansa, "Ya yi kyau."

Abba ya tsaya da sandar a hannu. Ya ce, "Me ka ce, Baba?"

Amma yaron ya riga ya ruga ɗauko ƙwallon.