Ranar da Yaya Ya Wanke Mini Inji

Da aka raba gadon mahaifinmu, tsohuwar motarsa ce ta faɗo a rabona. Babu wanda ya yi gardama, don a lokacin tana yashe a ƙofar gidanmu na Birni, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Ni na yi ta ɗawainiya da ita daga albashina na koyarwa har ta miƙe. Tana miƙewa kuwa ta zama motar kowa, musamman yayana wanda nake bi.

Wata Juma'a cikin hutun damina ya zo neman aro, zai kai abokansa ɗaurin aure wani ƙauye bayan Dogo. Na san halin hanyar in ruwa ya sauka, ban so ba. Amma Inna tana zaune, ta ɗaga ido ta dube ni, sai na miƙa makulli.

Ya dawo da ita Lahadi da la'asar tana ƙyalli. Mutumin da ko takalminsa ba ya gogewa, shi ne ya kai ta wurin wanki, har ya ɗaga kapo yana nuna mini yadda ya sa aka feshe injin da ruwa mai ƙarfi. Na ji tana ɗan tari lokacin da ya shigo da ita, ban kawo komai ba. Har godiya na yi masa. Godiyar nan har yau tana ci mini rai.

Kashegari zan kai Inna garin Gaffati, addu'ar bakwai ta ƙanwarta. Ta shirya tun da sassafe, ta shiga ta zauna a gaba da carbinta. Na murɗa makulli, inji ya juya, ya ƙi kamawa. Na yi ta murɗawa har batir ya fara sanyi. Dole na kira makanikinmu, wani dattijo da ke duba motar tun mahaifinmu na da rai.

Yana ɗaga kapo ya tambayi wanda ya wanke ta. Na gaya masa. Ya girgiza kai, ya ce tsohuwar mota ba a yi mata wankan amarya. Ya cire murfin dalko, wato abin da ke raba wa buji, fulogin inji, wuta, ya nuna mini raɓar ruwa a ciki. Ya goge shi da tsumma, ya shanya a rana, ya zare wayoyin buji ɗaya bayan ɗaya yana hure ruwan da ya kwanta a ramukansu. Da ya mayar da komai, ta kama, ta yi ta kakkarwa kamar mai masassara, can ta daidaita.

Na ce wa Inna mun tafi. Dattijon ya ce in dakata. Ya zaro sandar awon baƙin mai, ya goge, ya sake tsomawa. Da ƙyar ta jiƙe a baki, alhali bai daɗe da yi mata bidanji ba, wato juyen baƙin mai. Ya sa na kawo kwali, ya shimfiɗa a ƙarƙashin injin, muka bar ta tana aiki. Da ya jawo kwalin, ga ɗigo wuri biyu. Ƙaramin ya ce ya san shi, tsohon tsatsafo ne daga murfin sama, ba ya hana tafiya. Babban ne ya sa ya kwanta a ƙasa ya shige ƙarƙashin motar.

“Madam, durƙuso ki gani da idonki, kar a ce ni na faɗa.”

Na tattare zane na durƙusa. Kaskon da ke riƙe mai a gindin injin ya lotsa, ya tsage, an cusa sabulu a tsagar an shafe. Ruwan wanki da zafin inji sun cinye sabulun, mai na bin gefe yana ɗiga. Ya ce dutse aka hau, ba tantama, kuma da mun kama hanya, kafin Gaffati injin ya ƙone. Sai a lokacin na fahimci dalilin wankin. Yaya ya so ya share sawun mai da taɓo, in abin ya lalace ya lalace a hannuna, a daji, da tsohuwa a ciki.

Inna a bayan babur ɗin kabu-kabu ta tafi addu'ar ƙanwarta, da ciwon gwiwarta, tana riƙe da rigar mutumin da ba ta sani ba. Ni na tsaya aka ja motar zuwa garaji.

Da yamma na sami Yaya a zaure yana shan shayi. Da farko ya ɗora wa masu wanki. Da na ambaci sabulu, ya ce mota ta tsufa, ko ni ce a ciki hakan za ta faru. Da na ce to me ya hana shi faɗa mini, sai ya ajiye kofi.

“Motar ubanmu ce, ba a kawo miki ita daga ɗakin miji ba.”

“Lokacin da kaji ke kwana a ƙarƙashinta ma ta ubanmu ce, Yaya. Ban ga ka zo ba.”

Inna da ta dawo, abin da ta ce shi ne in yi haƙuri, babba ne, ba a tsaya wa babba ana ƙure shi. Ita da aka kusa bari a daji. Goggonninmu suka ɗauka, wai boko ya sa na raina na gaba da ni, saboda ƙarfe. Babu wanda ya je ya tambaye shi komai.

An yi wa kaskon walda, motar ta ci gaba da kai ni lekol inda nake koyarwa. Ana gab da Sallah ya sake turo matarsa neman aro, za su garin Guna. Inna tana zaune, ta dube ni kamar yadda ta saba. Na ce wa matar ta gaida shi, ta kuma gaya masa motocin haya na nan a tasha.